Ranar da Maharazu Ya Yi Tsere da Haske

Ni dai ban ga laifin haske ba. Tun da nake bai taɓa shiga harkata ba, ni ma ban shiga tasa ba. Laifin na rediyon Hamma mai shayi ne, da kunnen Maharazu, ƙanin maigidana marigayi.

Maharazu ɗan acaɓa ne a nan Mai'adua. A bakinsa, babu abin da ya taɓa wuce shi a kan titi sai motar asibiti, ita ma don ya hango marar lafiya a ciki ne ya ƙyale ta.

Teburin Hamma a jikin katangar gidana yake, saboda haka duk abin da maza suka faɗa a wurin ina ji ina matsar ƙuli. Ran nan da safe wani malamin kimiyya yana magana a rediyo. Ya ce haske yana cin mil dubu ɗari da tamanin da shida a sakan guda. Ya ce in aka bar shi ya yi ta tafiya har shekara, zai ci mil kusan tiriliyan shida. Ya ce tiriliyan kuwa miliyan ne sau miliyan.

Sai na ji an dangwarar da kofi.

"Ƙarya ne," in ji Maharazu.

Hamma ya ce, "An ce aunawa aka yi."

"Da wace igiya? Wa ya riƙe ɗaya bakin? To ma tsaya, sun cire dare?"

"Wane dare?"

"Haske yana tafiyar dare ne? Da an kira magariba ya kwanta. Rabin shekara ya tafi ke nan. Ga damina, hadari ya tare shi yini guda. Sun cire? Ba su cire ba. Ni da nake tafe dare da rana, ruwa da iska, ban taɓa yin tiriliyan ko ɗaya ba, sai wani abin da ko taya ba shi da ita?"

Nan take ya yanke hukunci. Zai yi tsere da haske, daga filin bayan gari zuwa kukar da Sama'ila mai faci yake zama a gindinta, can bakin hanyar Kongolam. In ya riga shi, magana ta mutu. In haske ya ɗan riga shi, sai a ga da nawa, a ninka har shekara, a cire dare da damina, a aika gidan rediyo su gyara, su ambaci sunansa da na ubansa.

Ya fara gwadawa da tocila da rana tsaka. Ya isa kuka a guje, Sama'ila ya ce shi bai ga wani haske ba. Maharazu ya dawo yana karɓar gaisuwa, amma majalisar Hamma ta ƙi, ta ce ba a cin tseren da abokin karawa bai zo ba. Aka ce sai dai hasken rana na gaske, a turo shi da babban madubi.

Babban madubi kuwa a unguwarmu guda ne, yana jikin ƙyauren sif ɗin da na saya wa autata Haulatu. Ranar Juma'a za a yi mata jere. A Daura na sayo shi, kuma sai da kafintan ya rantse ba zai ƙara ciniki da mace ba kafin muka rabu. Ba don ado na dage ba. Gwaggon ango, Siddiƙa, ita ce mai ganin ɗaki a danginsu. Ta taɓa ɗaga katifar wata amarya ta leƙa ƙarƙashi, yarinyar yanzu 'ya'yanta uku amma har yau "mai gadon aro" ake ce mata. In Siddiƙa ta tarar da sif babu madubi, Haulatu za ta sha gori har ta yi jika.

Sai ga Maharazu da sallama, har da durƙusawa, abin da bai yi mini ba tun ranar sadakar bakwai ɗin maigidana.

"Yaya Shatu, aron ƙyauren sif nake so. Na safiya ɗaya."

"Babu."

"Ilimi za a yi da shi."

"A yi da na babur ɗinka, ai biyu ne."

"Ƙanana ne, Yaya. Haskensu jariri ne. Kada in ci a ce na ci zalin yaro."

Na ci gaba da murza ƙulina. Amma ina murzawa ina tuna cewa har yanzu ban tanadi itacen girkin biki ba.

Na ce, "Itace amalanke guda."

"Rabi."

"Guda. Marke, busasshe. A sauke a tsakar gidan nan kafin a kwance ƙusa ɗaya."

"Yaya, madubi ne fa, ba ya ƙarewa don an duba."

"Kuma kai za ka kwashe kayan jere zuwa gidan ango, har tsintsiya."

"Haba!"

"Kuma inda madubin ya je, nan zan je. Hannunka ba zai taɓa shi ba."

"Ko amarya ba a yi mata wannan tsaro."

"To je ka ari amarya ka haska."

Ya kawo itacen. Na duba guda-guda, na mayar masa da ɗanye ya sako busasshe. Har yau duk wanda ya ce akwai kuskure a cinikin nan, ya zo ya nuna mini wurin.

Ranar Laraba da hantsi muka fita. Hamma ya ɗauko ƙyauren a ka, lulluɓe da zanena, ina biye da shi ina ce masa ya bi a hankali. Filin ya cika. Masu rake sun zo, mai awara ta kafa kasko, 'yan acaɓa sun bar lodi sun jeru. Maharazu ya sa rigar sallah da takalmin ƙwallo. Ya zagaya taron sau ɗaya yana ɗaga hannu, ya ce duk mai son hoto da shi ya ɗauka yanzu, don in an jima layi za a yi.

Tsarin shi ne Hamma ya riƙe ƙyauren ya juya shi wajen kuka. Ni zan yaye zanen. Da na yaye, haske da Maharazu su tashi tare. Sama'ila yana can gindin kuka da waya a kunne, wayar Hamma kuma tana nan a buɗe kowa yana ji.

Sai da aka fara saiti. Hamma bai taɓa saita komai ba sai tukunyar shayi. Hasken ya bi ta kan rufin makaranta, ya sauka a fuskar wani mai keke, ya tashi ya dira a idon wani raƙumi da ya taho daga arewa da kayan kanwa. Raƙumin ya tsaya cak. Ya dubi hasken, ya yi tunani, ya durƙusa a tsakiyar hanyar tseren.

Mai raƙumin ya ƙaraso yana huci. "Wa ya yi mini wannan? Tun daga Agadas yake tafe, bai durƙusa wa kowa ba!"

Maharazu ya ce, "Bawan Allah, ka yi haƙuri. Dabba ce, ta gane ana tarihi."

Aka ja, aka tura, aka yi masa magiya. Bai tashi ba sai da mai awara ta rasa rabin kabejinta a bakinsa. Ta ce Maharazu ne zai biya. Ya ce gidan rediyo za su biya.

Aka dawo kan layi. Maharazu ya hau babur, ya tofa addu'a a hannu ya shafa wa tanki. Ya ce, "Yaya, yaye!"

Na yaye.

Wayar ta ce, "Ya iso."

Ƙafar Maharazu tana kan kik ɗin tayar da babur, ko sauka ba ta yi ba.

"Me ya iso?"

"Hasken mana. Ga shi nan a jikin kuka."

"Satar tashi ya yi! Ai ban tayar ba. A sake."

Na rufe. Ya tayar da injin, ya murɗa har hayaƙi ya kori masu rake baya. Ya kwanta a kan tanki. "Yaye!"

"Ya iso."

Babur ɗin bai gama fita daga inuwar Hamma ba.

Maharazu ya sauka a natse, ya karɓi wayar. "Sama'ila, ka ji tsoron Allah. Kukar nan ta fi kusa da boda. Hasken Nijar kake gani."

"Ni ne ban san hasken ƙasarmu ba? A nan aka yanke mini cibiya!"

"To ka tantance."

Na ce a bari in tantance musu. Na rufe madubin. Wayar ta ce, "Ya tafi." Na yaye. "Ya dawo." Na rufe. "Ya tafi. Ya dawo. Ya tafi. Shatu, don girman Allah ki bari, idona guda ne mai kyau."

Ana cikin haka sai ga wani mai kaki daga cikin masu tsaron boda a kan babur, wai an kai musu labari ana yi wa 'yan fasa-ƙwauri alama daga bayan gari. Ya sauka ya dubi ƙyauren, ya dubi zanena, ya dube ni.

"Hajiya, me ake tsallakarwa?"

Na nuna masa Maharazu da haɓa.

Maharazu ya ce, "Haske ne, ranka ya daɗe. Tsere muke."

Mai kakin ya dube shi sama da ƙasa. Sannan ya ce, "Wa ke gaba?"

"Ana dai tantancewa."

Mutumin ya kafe babur ɗinsa, ya sayi rake, ya nemi wuri ya zauna.

Na ce safiya ta ƙare, a lulluɓe mini kayana. Maharazu ya ce safiya ba ta ƙarewa sai an kira azahar, kuma taron ya goya masa baya, don babu mai son a tashi. Ya ce an zalunce shi a lissafi: shi yana ɗauke da nauyin jikinsa da na ƙarfe da na fetur, shi kuwa haske ko aljihu ba shi da shi. Adalci shi ne a ba shi rata. Aka ba shi rabin hanya. Na yaye, wayar ta ce ya iso. Aka ƙara masa har wajen rijiyar makiyaya. Ya iso. Daga ƙarshe ya je ya ɗora tayar gaba a kan saiwar kukar, abin da ya rage masa bai fi ya miƙa hannu ba.

Na yaye.

Muka ji Sama'ila ya ce, "Ya iso. Yana kan hularka ma."

Taron ya fashe. Mai kaki ya ƙware da rake.

Sai muryar Maharazu ta fito daga wayar, a sanyaye kamar mai ba da fatawa.

"Hamma, na gano shi. Zuwa ba komai ba ne, kowa yana da ƙarfin zuwa. Dawowa ita ce tafiya. Tun safe yake kai da komo, ko ruwa bai sha ba. Yanzu ga ni ga shi a gindin kuka. Mu taso tare mu nufo ku. A nan za a san mai numfashi."

Hamma ya ce, "To yaya zan yi?"

"Ka ɗora mini shi a fuska. Kada ka ɗauke, ko na ce ka ɗauke. Ina so in riƙa ganinsa, kada ya ɓace mini ya bi ta gajeriyar hanya."

Hamma mutum ne mai riƙon amana. In ka ce masa sukari cokali biyu, ko kana suma ba zai ƙara ba. Ya kafa ƙafafunsa, ya saita, wannan karon bai kuskure ba.

Muka hango ƙura ta taso. Maharazu ya taho, fuskarsa tana walƙiya kamar sabon faranti. Ya karkata dama, Hamma ya bi shi. Ya karkata hagu, Hamma ya bi shi. Ya ratsa ta gonar wake, ya fito da ganye a kafaɗa, Hamma yana tare da shi. Muka fara jiyo shi yana ihu, "Ɗauke! Ɗauke!"

Na ce, "Hamma, ɗauke!"

"Ya ce ko ya ce."

Mutum in bai ga komai ba sai abu ɗaya, wajen abin yake nufa. Taron ya dare biyu. Mai awara ta ɗauke kaskonta da hannu, ban san yadda ta yi ba. Na cafki gefen ƙyauren na ja wajen gabas da iya ƙarfina. A daidai lokacin Hamma ya farga, ya ja wajen yamma da iya nasa. Ƙarfinmu ya zo ɗaya. Ƙyauren ya tsaya cif a inda yake.

Ƙarar har a kasuwar shanu an ji ta.

Da ƙura ta lafa, tayar gaba tana cikin ƙyauren, Hamma yana zaune a ƙasa da hannun ƙofa a hannunsa, madubina kuwa ya zama tsakuwa mai ƙyalli. Maharazu yana kwance rigingine, ƙafa ɗaya babu takalmi. Aka taru a kansa ana salati. Ya buɗe ido, ya ɗaga yatsa.

"Jama'a ku shaida. Ga ni na iso. Ina hasken?"

Aka duba. Babu shi.

"Bai iso ba," in ji shi. "A kira gidan rediyo."

Ban yi ihu ba, ban zagi kowa ba. Na tsallake shi, na zare makullin babur, na ƙulle a bakin zanena. Na ce, "Jibi bayan sallar Juma'a mata za su zo ganin ɗaki. In sun tarar da madubi a jikin sif, ka zo ka karɓa. In ba su tarar ba, na yi babur."

"Yaya, da me zan je Daura?"

"Ka tambayi abokin tserenka, shi ma ba shi da taya."

Ya dubi mai kaki ko zai sa baki. Mai kaki ya ce shi boda aka ba shi tsaro, ba dangi ba.

Zuwa Daura bai yi masa wuya ba, a mota ya tafi ranar Alhamis. Ya yini yana yawo kafin ya sami mai gilashin da zai yanka masa daidai ƙyauren, ya kwana a can. Da safe ya fito tasha da madubi, ashe labari ya riga shi. Direba ya ce Maharazu da madubi ba sa shiga mota ɗaya, ya zaɓi wanda zai hau. 'Yan acaɓa, 'yan'uwansa na sana'a, suka ce suna da iyali. Sai ya goya madubin a baya da rawani, ya kamo hanya a ƙasa. Waɗanda suka wuce shi sun ce tun daga nesa ake hango shi yana walƙiya, motoci suna rage gudu, fasinja suna leƙowa suna tambayarsa wa ke gaba.

Ni kuwa an idar da Juma'a, an gama jera kwanuka a gidan ango, Hamma ya toshe ramin ƙyauren da sabon katako ya mayar da shi jikin sif, fuskarsa fayau babu komai. Haulatu tana ɗakina can gida tana kuka, ba na amarci ba. Na tsaya a ƙofar gidan ango ina duban hanya.

Sai ga shi yana jan ƙafa, leɓensa fari, rigar sallah ta zama ta gona. Hamma ya kwance madubin daga bayansa, ya ce, "Mil nawa ka samu daga Daura?"

Maharazu ya zube a gindin katanga. "Duk wanda ya ce tiriliyan, bai taɓa taka guda ɗaya ba. A goya wa hasken gilashi mu gani."

Muka shige ciki da gudu. Hamma ya ɗora, ya danne da 'yan ƙusoshi, ya fice. Na goge da bakin mayafi, na ja baya in duba.

Wata mata na gani a ciki, mai kama da ni, amma faɗinta ya kai rumbu. Na ɗaga hannu, ta ɗaga wani abu kamar taɓarya biyu a haɗe. Na matsa gefe, ta kumbura ta biyo ni. Ashe Maharazu irin gilashin nan mai araha ya samo, wanda yake buɗa mutum.

Kafin in buɗe baki sai guɗa a zaure.

Siddiƙa ce a gaba. Doguwa ce, busasshiya, wuyanta duk jijiya, irin matan da tun suna 'yan mata ake tambayarsu ko ba su da lafiya. Ta shafa bango ta duba yatsa. Ta ƙwanƙwasa tukwane. Ta ɗaga katifa ta leƙa. Matan da suka biyo ta suna bin hannunta da ido. Sannan ta juyo wajen sif, ni kuwa na riga na gama shirya abin da zan faɗa mata da abin da zan faɗa wa uwarta.

Ta tsaya a gaban madubin.

Ta daɗe. Ta juya gefe. Ta juya ɗaya gefen. Ta dafa kumatunta. Ta gyara ɗaurin kallabi, ta ɗan saki mayafi daga kafaɗa, ta sake juyawa. Wata daga baya ta ce, "Gwaggo, mu ma mu gani mana." Ta ce, "Ku jira."

Can ta ce, ba tare da ta ɗauke ido ba, "Ɗaki ya yi. A rangaɗa guɗa."

Aka rangaɗa. Mata suka fita tsakar gida wajen abinci, ita ta zauna a bakin gado inda za ta riƙa hango kanta. Ta yafito ni da hannu, ta rage murya.

"Shatu, madubin gidana ya lalace, shekara da shekaru yana nuna ni wata iri. Wannan na gaskiya ne. Ki sayar mini."

Na ce, "Kayan amarya ne, ba na sayarwa ba ne."

"Na sani. Amma ki faɗi kuɗinsa."

Na tura ƙofa da ƙafa, na jawo kujera na zauna.